DAGA BAKIN ALLO: A Kafa Tebur Kafin a Ɗura Bindiga

A watan jiya mun yi muku alkawarin za mu tattauna a kan tsadar littattafan 'yan makaranta, to, sai ku yi mana haƙuri mu ɗage wannan magana zuwa gaba, domin wani abu da muka gani da idonmu a kasuwar Pitowa ya tsaya mana a rai, kuma mun ga bai kamata mu bar shi ya huce ba.

Duk wanda ya san Pitowa ya san ranar Lahadi ba ta da na biyu. Tun da sassafe motoci da babura ke kwararowa daga Garwa, wadda ba ta wuce tafiyar kilomita 15 ba, ga mutanen ƙauyukan gindin dutsen Tingilin da kayansu a ka, ga masu shanu, ga masu busasshen kifin Binuwai. Mu kuwa abin da ya kai mu shi ne wani bencin ajinmu da ƙafarsa ta karye, muka kai wa wani dattijon kafinta da muka daɗe muna hulɗa da shi. Muna zaune a rumfarsa muna jiran ya gama da wata ƙofa, sai ga wani saurayi ya yi sallama, ya durƙusa ya ce, "Malam, ina wuni? Ba ku gane ni ba ko?" Ashe ɗalibinmu ne na shekarun baya, wanda yanzu yake aikin gadin daji a ɗaya daga cikin gandayen namun dajin lardinmu.

Bayan mun gaisa sai ya buɗe jaka ya fito da wani abu mai kama da doguwar tasa ta roba mai ƙarfi, tsawonta ya kai kamu ɗaya. A tsakiyarta akwai kwari siriri, a ƙarshenta akwai gurbi, sa'an nan ga wani mariƙi da ke zamewa a cikin kwarin. Baba kafinta ya juya shi ya sake juyawa, ya ce, "Yaro, wannan kuwa injin taliya ne ko na mene ne?" Saurayin ya yi dariya ya ce, "A'a Baba, na ɗura harsashi ne a gidan harsashin bindiga. So nake ku kafa mini shi a kan katako, don ya ƙi zama wuri ɗaya." Ya ƙara da cewa bai zo da harsashi ko gidansa ba, domin waɗannan ba sa barin ma'ajiya sai da izini, kuma kasuwa ba wurinsu ba ce. Wannan magana ta yi mana daɗi ƙwarai, muka ce lallai karatu bai faɗi ƙasa banza ba.

Bari mu ɗan yi bayani saboda waɗanda ba su san abin ba, kamar yadda mu ma ba mu sani ba kafin ranar. Bindigogin zamani suna da wani ɗan akwati na ƙarfe ko na roba da ake maƙalawa a cikinsu, shi ne gidan harsashi. A ƙasansa akwai sifirin, a kan sifirin ɗin akwai ɗan faranti, shi ke tura harsasai sama ɗaya bayan ɗaya. A bakinsa akwai leɓɓa biyu masu riƙe harsashin da ke sama har lokacin da bindiga za ta ɗauke shi. Mai ɗuri da hannu yakan danna kowane harsashi da babban yatsa, kuma idan gidan mai cin 30 ne, kamar na bindigar Kalashinikof, aka ce mutum ɗaya ya cika goma ko ashirin kafin fita sintiri, to, yatsa zai faɗa masa. Wannan ne ya sa aka ƙago abin ɗurin: a jera harsasai a cikin kwarin, a kafa gidan a gurbinsa, a tura mariƙi sau ɗaya, duka su shige.

To, ina matsalar take? Saurayin ya ce ranar da suka fara gwada shi, a kan wani tsohon teburin ofis suka ɗora shi, mai ƙafa ɗaya gajera. Harsasan farko suka shige salin-alin, amma da aka zo na ƙarshe sai abin ya zame, gidan ya karkace a gurbinsa, harsasai biyu suka hau kan juna, sauran suka watse a ƙasa cikin yashi. Aka kira wani ya danne da hannu biyu, aka sake gwadawa, wannan karon teburin ne ya yi tsalle. Daga baya da aka duba sai aka ga leɓen gidan ɗaya ya ɗan buɗe.

Nan fa malantarmu ta motsa, don abin da ya faru darasi ne da muke koyarwa da robar baka da dutsen awo. Wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, ya bayyana tun shekarar 1678 cewa gwargwadon yadda ka matse sifirin, gwargwadon ƙarfin da zai yi maka gardama ke nan. Saboda haka harsashin farko ba ya wahalar shiga, na ƙarshe shi ne mai taurin kai, domin a lokacin sifirin ya kusa ƙurewa. Sa'an nan Isaac Newton, shi ma ɗan Ingila, ya nuna a 1687 cewa duk abin da ka tura, shi ma yana turo ka da daidai wannan ƙarfi. Watau ƙarfin da hannu ya sa a mariƙi ba ya ɓacewa: ko dai ya tafi wajen matse sifirin, ko kuwa ya tafi wajen jan abin ɗurin a kan tebur. Idan ba a kafa abin ba, zai bi hanya mafi sauƙi, ya zame, kuma a daidai lokacin da aka fi sa ƙarfi.

Baba kafinta bai taɓa jin sunan Hooke ko Newton ba, amma da muka gama dogon Turancinmu sai ya ce, "Malam, ai wannan ba sabon abu ba ne. Kun taɓa ganin maƙerin da ya ɗora uwar maƙera a kan tabarma? Sai ya binne kututture a ƙasa tukuna." Ya miƙe ya shiga aiki, mu kuwa muka manta da bencinmu muka zuba ido.

Da farko ya zaɓo wani tsohon katakon maɗaci da ya ciro daga wata ƙofa, mai kauri kamar yatsu biyu, ya ce sabon katako ba zai yi ba, domin ɗanye ne, hunturu na zuwa zai bushe ya kantare. Ya yanke shi ya fi abin ɗurin tsawo da faɗi, ya goge fuskarsa har ta miƙe. Sa'an nan ya tambayi saurayin, "Ta wane gefe kake turawa, daga jikinka zuwa gaba ko daga gaba zuwa jikinka?" Da ya ji cewa daga jiki ne zuwa gaba, sai ya buga wani guntun katako a ƙarƙashin bakin allon da ke kusa da mai aiki, yadda zai saƙale a bakin tebur. Ya ce da wannan, ƙarfin turawa shi da kansa zai riƙa ƙara damƙe allon da teburin. A ƙarƙashin allon kuma ya shimfiɗa robar tsohon tiyubun mota ya manne ta, saboda katako a kan katako santsi gare shi, roba kuwa tana kamawa.

Wajen ɗaure abin a kan allon ne muka ga inda gwaninta take. Ramukan kusoshi huɗu ne. Bai ɗaure ɗaya ya gama sa'an nan ya koma ga na gaba ba. Ya sa wa kowanne wasa, ya ɗan murɗa na kusurwar nan, ya tsallaka na kusurwar da ke fuskantarta, ya dawo, yana zagayawa kaɗan-kaɗan har duka suka zauna daidai. Saurayin ya ce, "Baba, ku ƙara matsewa." Dattijon ya ce, "Ɗana, roba ce. In ka matse ta fiye da kima za ta tsage, ko kuwa kwarin ya lanƙwashe, ka ga an gudu ba a tsira ba." Daga nan ya ɗora allon a teburinsa, ya ɗora kofin ruwa a kai, muka ga ruwan ya karkata gefe guda. Ya sassaƙa ɗan itace ya cusa a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar har ruwan ya kwanta daidai da bakin kofi. Ya cusa guntun katako a gurbin da gidan harsashi ke zama, ya ce wa saurayin ya tura da iyakar ƙarfinsa. Ya tura har jijiyar wuyansa ta tashi, ko gezau abin bai yi ba.

Kafin ya sallame shi ya yi masa gargaɗi uku. Tebur ya kasance daidai ƙugu, don mutum ya tura da nauyin jikinsa, ba da ƙarfin dantse kawai ba. A riƙa duba kusoshin a farkon hunturu da farkon damina, domin katako yana tsukewa yana kumbura. A kuma rufe abin da ƙyalle idan an gama, saboda ƙurar ƙasarmu ba ta da kunya. Shi kuma saurayin ya ƙara mana da abin da aka koya musu, cewa ba a shafa wa harsashi mai, don mai ke tara ƙura, kuma harsashin da ya faɗi a yashi sai an goge shi an duba ko ya lotsa.

Wani zai ce, duk wannan wahala a kan ɗan abin roba? To, a tuna inda waɗannan samari suke aiki. Lardinmu na Arewa yana da manyan gandayen daji uku: na Binuwai mai kadada 180,000, na Buba Njidda mai kadada 220,000, da na Faro mai kadada 330,000. A nan Garwa kuma akwai makarantar horar da ma'aikatan namun daji da aka buɗe a 1970, wadda ɗalibai ke zuwa daga ƙasashen Afirka da dama. Ba mu manta da abin da ya faru a farkon shekarar 2012 ba, lokacin da mahaya dawakai ɗauke da bindigogin yaƙi suka ƙetaro iyaka suka shiga Buba Njidda, suka kashe ɗaruruwan giwaye saboda haure, har sai da aka tura sojoji. Wanda aikinsa ya haɗa shi da irin waɗannan mutane, idan leɓen gidan harsashinsa ya buɗe ko harsashi ya lotsa, bindigarsa za ta cije a lokacin da ba a gyara. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Rayuwar ɗan wani tana iya rataya a kan ƙafar tebur da aka ƙi yi wa ciko.

Neman saurin ɗuri kuwa tsohon abu ne, kuma ƙasar nan ta ɗanɗana shi. A watan Nuwamba na 1901, a nan Garwa, 'yan tsirarun sojojin Jamus suka karya rundunar Lamiɗo Zubairu na Adamawa, wadda ta ninka su yawa nesa ba kusa ba. Ba jarumtaka aka fi mutanen Lamiɗo ba, saurin wuta aka fi su. A wannan zamanin ne kamfanin Mauser na Jamus ya fito da bindigarsa ta 1898, wadda ake jera harsasai biyar a kan ɗan siririn ƙarfe a danna su ciki gaba ɗaya da yatsa. Bindigar Faransa da ake kira MAS 36, wadda dattawanmu suka saba gani a kafaɗar jandarmomi, ita ma biyar take ci ta wannan hanya. Daga baya, a 1949, sojojin Tarayyar Sobiyat suka karɓi bindigar Mikhail Kalashnikov mai gida na 30. Kowane ƙarin sauri da aka samu, ƙarin nauyi ne a kan mai ɗuri ya natsu.

Amma ba don masu gadin daji kaɗai muka ɗauko wannan magana ba. Yawancin masu karanta mu ba su taɓa riƙe gidan harsashi ba, ba kuma za su riƙe ba. Bindigar da muka sani a ƙauyukanmu ita ce ta toka, harba-ka-ruga, wadda ake ɗurawa ta baki, wadda manomi ke ajiyewa saboda birai da gadu masu ɓarnar masara da gyaɗa. Lokacin da saurayin nan ya ce an kira wani ya danne abin da hannu biyu, gabanmu ya faɗi, don mun tuna da wani yaro.

Shekaru kaɗan da suka wuce muna da ɗalibi a aji biyar, mai kyawun rubutu, wanda mukan ba alli ya rubuta kwanan wata a allo. Wata ranar Asabar da kaka ya bi mahaifinsa gona. Uban ya harbi garken birai, suka watse, ya ga suna shirin dawowa, ya yi gaggawar sake ɗuri. Ƙasar wurin gangare ce, ga ta da laka, gindin bindigar sai zamewa yake. Sai ya ce, "Zo ka riƙe mini." Yaro ya kama ta kusa da baki da hannun dama. Ashe akwai sauran garwashi a cikin bututun daga harbin farko. Ana zuba albarushi wuta ta tashi. An kai shi asibiti a Garwa, rai ya tsira, amma babban yatsa da manuni sun tafi. Wata uku muka yi muna zama da shi bayan an tashi, muna koya masa riƙe alƙalami da hagu. Uban kuwa, duk ranar da muka haɗu a hanya, ba ya iya ɗaga ido ya dube mu, alhali kuwa ba mugun mutum ba ne, yana son ɗansa kamar kowa.

Abin da muka lura da shi ke nan a gidajenmu: duk aikin da ba a kafa masa gindi ba, yaro ake sa ya riƙe. Yaro ke riƙe tsani, yaro ke riƙe itacen da ake faskarawa, yaro ke danne injin niƙa idan yana rawa. A yawancin ayyuka abin da zai biyo baya ƙujewa ce ko targaɗe. A wajen bindiga kuwa, yatsa ne, ko ido, ko rai.

Mun je mun sami wani tsohon maharbi a unguwarmu, wanda ya haura shekara saba'in da yatsunsa goma cif, muka tambaye shi yadda ya yi. Ya ce shi bai taɓa ɗuri a tsaye a kan gangare ba, sai ya nemi ƙasa mai tauri ko saiwar itace ya tokare gindin bindigar. Bai taɓa barin fuskarsa ko tafin hannunsa a saitin bakinta ba. Bayan harbi yakan dakata, ya goge cikin bututun da ɗanyen tsumma kafin ya sake zuba komai. Ba ya zubawa kai tsaye daga gorar albarushi, sai ya auna a ɗan mudunsa ya ajiye gorar nesa. Ya yi wa sandar ɗurinsa alama, yadda da ya zura ta zai san ko akwai ɗuri a ciki, don kada ya ɗura a kan ɗuri. Bai taɓa farke harsashin bindigar Bature ya juye garinsa a bindigar toka ba, domin wannan garin ya fi ƙarfin bututunta, fasa ta zai yi. Na ƙarshe, wanda ya ce shi ne babba, idan yana ɗuri ba ɗa ba jika a kusa da shi. Muka ce, "Baba, in dabbar ta gudu fa kafin ku gama?" Ya ce, "Malam, biri zai dawo gobe. Yatsa fa?"

Kun ga dai maganar dattijon nan da ta kafinta da ta littafin kimiyya duk wuri ɗaya suka nufa. Kada kuma wani ya ɗauka muna kwaɗaita wa jama'a bindiga ne. Dokar Kamaru mai lamba 2016/015 ta ranar 14 ga Disamba 2016 ta tsara sha'anin makamai da harsasai: makaman yaƙi na hukuma ne, bindigar farauta kuwa sai da izini. Mu da muka ga zamanin zargina masu tare hanya, muka kuma ga yadda satar mutane don kuɗin fansa ta tagayyara makiyaya, mun fi kowa son a ce bindiga ta ragu a ƙasar nan. Amma wadda ke hannun ma'aikaci bisa doka, da wadda ke jingine a bayan ƙofar manomi, suna nan ko mun yi magana ko mun yi shiru, kuma rigakafi ya fi magani.

Saboda haka muna da roƙo guda uku. Ga shugabannin da ke raba wa ma'aikata kayan aiki, idan an sayo sabon abu a haɗa da wurin kafa shi. Kuɗin allon da aka yi a gabanmu bai kai na buhun siminti ba. Ga iyaye maza masu bindigar gona, a jingine ta babu ɗuri, a ɓoye albarushi a wani wuri dabam inda hannun yaro ba ya kaiwa, kuma kalmar nan ta "zo ka riƙe mini" a daina ta. Ga 'yan'uwanmu malamai, idan mun zo darasin ƙarfi da santsi, kada mu tsaya ga zane a allo. Mu kawo tebur mai gurguwar ƙafa da kofin ruwa, mu bar yara su gano da kansu, sa'an nan mu gaya musu cewa suna da damar ce wa babba, cikin ladabi, "Baba, ina jin tsoro."

Shi dai saurayin ya ɗaure allonsa a bayan babur ya kama hanya, ya bar mu da Baba kafinta, wanda ya dubi bencinmu ya ce sai Lahadi mai zuwa, don rana ta yi. Ɗalibanmu huɗu suka ƙara mako guda a kan tabarma, ba mu kuwa yi ƙorafi ba. Wancan yaron na aji biyar yanzu yana sakandare a Garwa, kuma rubutunsa na hagu ya fi na wasu masu dama kyau.

Allah Ya kiyaye mana 'ya'yanmu. Maganar littattafai tana nan, sai mun sadu a wata mai zuwa.